Layin da Ke Tafiya da Baya

Duk bikin da na je a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, ko suna ko aure, sai wata ta jawo ni gefe ta ce, "Anti Nas, ashe kina nan? Ai mun ɗauka kin daɗe da tafiya." Da farko nakan yi dariya in ce lokaci ne bai yi ba. Yanzu dariyar ta ƙare mini. Ga kuma ƙannenmu 'yan zango da suka gama makarantar jinya suna ta kirana suna tambayar hanyar zuwa aikin nas a Amurka, wasunsu ma sun fara tara kuɗin da za su kai wa irin mutumin da ya cuce ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda abin ya kasance, har da wautar da na tafka, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba in ban da mutanen gidanmu.

A Kumasi aka yanke cibiyata. Baba ɗan goro ne tun yana saurayi, Mma kuwa wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, kuma daga wannan tukunya aka biya kuɗin karatuna. Na gama a 2015, na ci jarrabawar lasisi, na yi shekarar zagayen asibitoci, sannan na dawo gida na zauna. Duk wanda ya yi karatun jinya a Ghana ya san wannan zama. Kana da lasisi a jaka, ƙauyuka suna kukan rashin ma'aikata, kai kuma kana taya uwarka yanka albasa kana jiran ranar da za a sa hannu a takardar ɗaukarka. A cikin zaman ne aka yi mini aure, na kuma haifi 'yata.

A 2019 takarda ta fito. An tura ni wani ƙaramin asibiti can wajen filayen Afram, inda kwalta ke ƙarewa tun da sauran tafiya mai nisa. Mu huɗu ne: babbanmu, wani dattijo ɗan arewa, sai ungozoma, sai ni, sai wata ƙaramar nas mai yawon rigakafi a kan babur. Mutanen wurin manoman doya da masara ne, da masu ƙona gawayi, da Fulani makiyaya. Yawancinsu baƙi ne daga arewa, kuma da yawa ba sa jin Turanci, Twi ɗin ma, yaren Asante, sama-sama. Hausar da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba a makaranta, ita ta zama rabin aikina.

Wani dare a damina ta biyu da zuwana, wajen ƙarfe ɗaya, aka buga ƙofa. Wata Bafulatana ce da mijinta a kan babur, sun jiƙe sharkaf, ta naɗe yaro ɗan shekara uku a zane. Jikinsa zafi rau, idanunsa sun juye, yana jijjiga. Na soki yatsarsa na gwada, layi biyu suka fito tun kafin in ajiye abin gwajin: zazzaɓin cizon sauro ne, mai tsanani. Batirin sola ya mutu tun magariba saboda hadari. Na kunna tocilar waya na ba uban ya riƙe, hannunsa na rawa, hasken na yawo, sai na karɓa na cije wayar da haƙora. Jijiyoyin yaron sun ɓuya. Na nema a hannun dama na rasa, na nema a hagu na rasa, uwar tana ta cewa, "Madam, ki taimaka, shi kaɗai ne namiji." A ƙafa na samu, a karo na huɗu. Na tura masa allurar atesunet, maganin zazzaɓin, na rataya ƙarin ruwa a ƙusar da ke jikin taga. Kamata ya yi in tura su babban asibiti, amma rafi ya cika, ko aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ba za ta ƙetare ba. Muka kwana zaune. Da asuba yaron ya buɗe ido ya ce yana son nono.

Ina son wannan aiki, kada wani ya yi mini wata fassara. Amma so ba ya biyan kuɗin haya. 'Yata tana hannun Mma a Aboabo, sai bayan mako biyu nake ganinta. Maigidana tela ne, kasuwa wata rana ta yi, wata rana shiru. 'Yan ajinmu kuwa ɗaya bayan ɗaya sai ka ga hotonsu a WhatsApp sanye da rigar sanyi, wannan tana Ingila, waccan tana Amurka, an fara ɗora bulo a filin gidansu.

A tsakiyar 2021 wata ƙawata ta kai ni wurin wani mutum a Adum, tsakiyar birnin Kumasi. Ofishi ne a hawa na biyu, da na'urar sanyaya ɗaki, da tutar Amurka ƙarama a kan tebur, da hotunan mata cikin fararen kaya a bango. Ya ji ina aiki a ƙauye sai ya tafa hannu. Ya ce ai ni ce irin wadda ake nema, domin Amurka tana da biza ta musamman ga nas ɗin da ta yarda ta yi aiki a karkara, babu layi, babu dogon jira, wata shida an gama. Ya juyo mini da wata takarda da ya buga, ya ɗora yatsa a kan sunan bizar: H-1C. Na karanta da idona, ga tambari, ga bayanin yankunan da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Ya ce guraben kaɗan ne, in kawo rabin kuɗi kafin ƙarshen wata.

Kuɗin da na kai masa na kujerar Makka ne na Mma. Shekara da shekaru tana zubin adashi tana ajiyewa. Ban roƙe ta ba, labari kawai na ba ta, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da leda baƙa ta ajiye a cinyata. Ta ce, "Ke 'yar nan, in kin je ai sai ki kai ni da kanki." Ni 'yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Wata uku yana ɗaukar waya, yau an tura takardu, gobe ana jiran lauya. A na huɗu wayar ta daina shiga. Na hau mota daga ƙauye na zo Adum na tarar da kwado a ƙofa, mai sayar da katin waya a ƙasan benen ya ce ni ce ta shida da ta zo nemansa a wannan mako. Na je na shigar da ƙara, aka rubuta, aka ce za a neme ni.

Daren nan na kira wata yayarmu ta makaranta da ke aiki a jihar Ohayo ta Amurka, wadda ya kamata in kira tun farko amma na ƙi, don mutumin ya ce in riƙe sirri kada a yi mini baki. Da na ambaci sunan bizar sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙanwata, gawa aka sayar miki." Ashe bizar ta taɓa wanzuwa da gaske. A 1999 aka yi dokar da ta kafa ta domin asibitocin yankunan da ba su da isassun ma'aikata. Guda 500 kacal ake bayarwa a shekara, kuma dole asibiti ya kasance da gado aƙalla 190, saboda haka ƙaramin asibitin ƙauye bai ma taɓa shiga lissafin ba. A Disamba 2009 wa'adin dokar ya cika, ba a sabunta ta ba. Lokacin da nake ƙirga kuɗin Mma a kan teburin nan, bizar ta haura shekara goma sha ɗaya a kabari.

Faɗa wa Mma ya fi mini komai wuya. Na same ta tana wanke ganyen dawar da take sa wa wake. Na durƙusa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba, ba ta daina wankin ba. Can ta ce, "Wanda Allah bai kira ba, ko da kuɗi a hannu ba zai je ba. Tashi ki hura mini wuta." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yayar nan ce ta kama hannuna ta nuna mini hanya ta gaskiya, kuma abu na farko da ta cusa mini shi ne wannan: babu wata biza ta nas ɗin ƙauye. Likitoci suna da ƙofarsu, shirin da ake kira Conrad 30, wanda ke ba kowace jiha damar riƙe likitoci baƙi 30 a shekara cikin waɗanda suka yi horo a can, in sun yarda su yi shekara uku a inda ake ƙarancin likita. Mu ba a yi mana irinsa ba. Hanyarmu ita ce EB-3, bizar zama na dindindin ta hanyar aiki. Alfarma ɗaya aka yi wa nas: asibiti ba sai ya tsaya tabbatar da cewa ya nemi ɗan ƙasa ya rasa ba, domin gwamnatinsu ta riga ta amince akwai ƙaranci. Daga nan kuwa layi ɗaya ne ga kowa. Wadda za ta babban asibitin birni da wadda za ta inda babu nas ko ɗaya da dare, da injiniya, da mai aikin kwamfuta, duk a jere ɗaya suke. Bizar aiki ta dindindin 140,000 doka ta ware a shekara, rukuninmu yana samun kusan 40,000, kuma miji da 'ya'ya kowa kansa ake ƙirgawa. Ni da Malam da 'yarmu mun cinye gurbi uku ke nan.

Shekarar 2022 gaba ɗaya a takardu ta tafi. Makarantarmu da hukumar jinya ta Ghana su aika shaidar karatu da ta lasisi kai tsaye zuwa CGFNS, hukumar da ke tantance takardun nas baƙi, ba a yarda su bi ta hannunka ba. Sai jarrabawar Turanci. Ni da aka dake ni a firamare saboda na yi Hausa a aji, wai sai na tabbatar ina jin Turanci. IELTS na zauna, ana son 6.5 a jimla da 7 a magana. Karon farko na sami 6.5 a maganar, rabin maki ya sa na sake biyan kuɗi. Kuma shekarar ce sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas: a Janairu dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin Nuwamba ta doshi 15. Duk abin da zan biya da dala ne, albashina kuwa da sidi. Malam ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya cikin biyu, bai gaya mini ba sai da na ga wurin fayau.

Babbar jarrabawar ita ce NCLEX, ta samun lasisin nas a Amurka, kuma a lokacin ba a yin ta a Ghana. Johannasbag na je, lokacin kuwa sai da bizar Afirka ta Kudu, don sai a Nuwamba 2023 aka ɗage wa 'yan Ghana. Dala 200 kuɗin jarrabawa, dala 150 na zama a wajen Amurka, ban da jirgi da masauki. Karatun a ƙauye na yi shi, da fitilar caji, bayan an rufe asibiti. Sai da na sake koyon sunayen abubuwan da nake bayarwa kullum, farasitamol ɗinmu a can sunansa daban, zafin jiki ma da wani ma'auni suke aunawa. Tambayoyin kuwa yawanci iri ɗaya ne: ga majinyata huɗu, wa za ki fara dubawa? Wannan ban sha wuyarsa ba, kullum shi nake yi a baranda. Kwamfutar ce ke yanke hukunci, in ta gamsu ka iya ko ta gamsu ba ka iya ba sai ta tsaya. Tawa ta mutu a tambaya ta 75, mafi ƙarancin da ake yi a lokacin. Na fito na zauna a bakin matakala ina kuka, ban san ko na ci ko na faɗi ba. Bayan kwana biyu na ga na ci.

Kamfanin da ya ɗauke ni, na gaskiya wannan karon, bai karɓi ko kwabo a hannuna ba, kuma wannan ita ce alamar da nake gaya wa yara su duba. Amma su ma ba sadaka suke yi ba. Kwantiragin shekara uku ne, inda suka ajiye ki nan za ki zauna, in kika karya kuma akwai tarar dubban daloli. Na karanta shi sau uku, na tura wa yayarmu ta karanta, sannan na sa hannu.

Asibitin da aka haɗa ni da shi yana wani ƙaramin gari a jihar Dakota ta Arewa. Ranar ganawa ta bidiyo sai da na hau tudun da ke bayan makarantar firamare, gindin wata bishiyar kaɗanya, don nan kaɗai sabis ke tsayawa. Na sa farin kaya da mayafi, awaki na wucewa ta bayana. Shugabar nas ɗin, wata dattijuwa mai furfura, ta ce gadonsu bai wuce 25 ba, asibiti mafi kusa da su tafiya ce mai nisa, in dusar ƙanƙara ta rufe hanya kuwa sai dai su riƙe majinyaci har gari ya waye. 'Ya'yan garin da suka karanta jinya duk sun tafi birni. Ta tambaye ni ko na taɓa kasancewa ni kaɗai da mara lafiya mai tsanani babu likita. Na ba ta labarin yaron nan da tocila a baki. Ta cire tabarau ta ce yaushe zan iya zuwa.

Na sauko daga tudun ina dariya ni kaɗai. An gudu ba a tsira ba. Duk wannan wahala, ashe daga ƙauye zan koma ƙauye, sai dai nasu da wuta da ruwan famfo.

Baba ne ya so ya kawo cikas. Ya ce ba zai bar jikarsa ta tashi inda ba a kiran salla ba. Malam ya yi ta bincike a waya har ya gano cewa a wannan jiha, a wani ɗan ƙauye mai suna Ross, Musulmi 'yan Sham da suka je noma sun gina masallaci tun 1929, ɗaya daga cikin na farko-farko a Amurka. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya ɓare goro ya ce, "To, su ma zango suka kafa ke nan." Bai sake magana a kai ba.

A Fabrairu 2023 aka shigar da takardata. Ranar da aka shigar ita ce lambarka a layi, kuma kowane wata ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layi ya kai. A lokacin ƙofa a buɗe take, domin a shekarun korona bizar iyali da ba a yi amfani da su ba an juye su cikin na ma'aikata, gurabe suka yi yawa. Na shiga kasuwar Kejetiya wurin 'yan gwanjo na saya wa 'yata rigar sanyi ja mai hula, da takalmi mai gashi a ciki. Ta sa ta yi ta zagaya tsakar gida tana zufa, ta ƙi cirewa.

Jadawalin Mayu 2023 ya fito da shinge: sai wanda ya shiga layi kafin 1 ga Yuni 2022. Na ce to, wata takwas ne tsakani, da sauƙi. Na Agusta ya fito, ranar ta koma 1 ga Mayu 2020. Ina tsaye a gindin kaɗanyar nan na yi ta goge fuskar waya, na ɗauka idona ne. Tunda nake ban taɓa ganin layin da ke tafiya da baya ba, ko na famfon Aboabo da rani. Guraben shekarar ne suka ƙare, sai sabuwar shekarar kuɗinsu ta kama a Oktoba a sake buɗewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin da na yi daga baya. Wata 'yar ajinmu da ta bi hanya ta gaskiya a watan da na kai kuɗi Adum, ta shige kafin a rufe. Mutumin nan ba kuɗin Mma kaɗai ya ɗauka ba, ya haɗa da shekarar da ƙofa take buɗe.

Babbanmu ya san komai tun farko, shi ya sa mini hannu a takardun shaidar aiki. Wata rana muna ƙirga magani ya ce mini Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Ghana cikin ƙasashe 55 da ta ce a daina zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya, sai dai wanda ya nema da kansa. Na ce, "Baba, ni ma na zauna gida shekara biyu da lasisi, ba wanda ya neme ni." Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Ban ce ki zauna ba. Da ina da ƙuruciya da tare za mu tafi." Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa, kuma har yau ban ga inda gaskiyar biyu ta haɗu ba. Ungozomarmu ta tafi Ingila bara, ba a turo wata ba, haihuwa ma ta dawo kaina.

Bafulatanar nan takan zo ranar kasuwa da kindirmo a ƙwarya, yaron yana biye da ita da 'yar sandarsa, ya isa kiwo yanzu. Ban san wa ya gaya mata ba. Ta ce, "Madam, an ce za ki ƙasar Turawa." Na ce in Allah ya yarda. Ta ce, "Wanda zai zo, yana jin Hausa?" Na ce mata za a duba. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya gane ba a ba shi amsa ba, ta juye mini nonon ta tafi.

A Fabrairu 2025 da nake wannan rubutu, shekara biyu ke nan cif ina cikin layi. Ranar ta matso, ta koma, ta sake matsowa, a farkon 2025 ta zo ta tsaya a ƙarshen 2022. A takarda wata biyu da 'yan kwanaki ne tsakanina da ita, amma na koyi cewa watan layi ba watan kalanda ba ne. Ko ta iso ma akwai jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci a Akara, da gwajin lafiya, da takardar 'yan sanda. Na haifi namiji a tsakani, an ƙara sunansa, mun zama gurbi huɗu. Dattijuwar Dakota takan aiko da imel duk bayan 'yan watanni, ta ce suna nan suna jira, aikin dare har yanzu da nas ɗin haya suke toshe shi. Kuɗin Mma kuwa ina tura mata kaɗan-kaɗan ta momo, wato aika kuɗi ta waya, duk ƙarshen wata, ita kuma tana kai wa mai adashi, ba ta taɓa cewa na gode ko ya isa ba.

Makon jiya na zo gida, Mma tana shanya kayan akwati saboda ƙura, sai ga jar rigar nan. Na kira 'yata na sa mata. Hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu, zif ɗin ya ƙi hawa. Mma ta karɓa ta karkaɗe, ta ɗaga ta a rana ta duba ko asu ya taɓa, ta dubi jaririn da ke bayana, sannan ta ninke ta mayar ƙasan akwati.